Bindigar da Aka Goge

Ina tsakiyar ɗinke aljihun wani wando matar maƙwabcinmu ta faɗo shagona babu ko sallama.

"Tela, an kama Auta! An kulle shi a gadurum!"

Allura ta shige min yatsa ban ma ji ba. Auta ƙanina ne, ni na goya shi, yanzu kofur ne mai riƙe da makullin ma'ajiyar makamai. Kafin in zura takalmi ta zazzage min sauran: an buɗe jakunkunan bindigogin gwaji da safe a gaban manya, sai aka tarar madubin hange na ɗaya daga cikinsu ya yi ƙafa. Ƙofa ba a fasa ba, taga ba a taɓa ba, makulli kuma yana ƙugun Auta.

Bariki wuri ne da magana ta fi mota gudu. Daga shagona zuwa bakin famfo na ji an ce ya sayar wa 'yan fashi, daga famfo zuwa kanti har an san abin da ya saya da kuɗin. Matan da nake rage wa mazansu wando kyauta su ne suka juya min ƙeya. Ban tsaya tanka musu ba, don na san abin da ke jiran sojan da kayan yaƙi ya ɓata a hannunsa. Kotun soja ce, a tuɓe masa kaki, sannan kurkuku.

Maganar gwajin ba baƙuwa ba ce a wurina. Ana shirin tura wata bataliya yankin fadama da koguna, aka kafa kwamiti ya duba kayan da za a ƙara wa bindigoginsu: sabon maratayi, da ƙafa biyu da ake kafa bakin bindiga a kai, da madubin hangen nesa. Ni aka ba duba ɗinkin maratayin, shi ya sa nake shiga inda matan bariki ba sa shiga. Dokar gwajin kuwa ɗaya ce mai tsauri. Tun daga ranar farko har ranar yanke hukunci ba mai goge bindigogin, ba mai ɗiga musu mai, don a ga yadda kayan za su jure ƙura da wahala. Ranar hukuncin ita ce wannan.

*

Na sami Mai Sawu a ƙofar ma'ajiyar, ya tsuguna yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Saje ne, ya manyanta, ya taso yana bin sawun shanun da aka sace tun kafin ya san kaki. Kanar ne ya sa a kira shi. Ban taɓa ganin mutum mai sanyin jiki irinsa ba, ko gobara ake yi sai ya gama ɗaura igiyar takalmi.

"Baba Saje, ƙanina fa!"

"Na ji, uwar gaggawa. Matsa baya, kin taka min shaida."

Kyaftin shugaban kwamitin yana ciki yana kai da kawo, gumi ya jiƙa masa wuya. Bindigogi uku na kan tebur, biyu da madubinsu, ɗaya babu. Mai Sawu ya leƙa su, ya leƙa makullin ƙofa, ya shafa ƙarfen taga.

"Yallaɓai, jiya wa ya karɓe su?"

"Kofur. A cikin jakunkunansu, a zuge."

"Ya buɗe?"

"Ba a yarda ya buɗe ba. Ƙirgawa kawai yake yi ya rataye." Kyaftin ya goge goshi. "Saje, Kanar ya ba ni zuwa la'asar. In babu madubi, yaron nan zai wuce kotu, ni ma ban san inda zan kwana ba."

Ta tagar gadurum na ga Auta. An cire masa bel da hula, idonsa ya yi ja. Ya rantse min da kabarin mahaifiyarmu bai buɗe jaka ba. Na ce ya daina rantsuwa, ai ni na yi masa wanka yana jariri, na san abin da zai iya da wanda ba zai iya ba. Da na juya baya sai na yi kukana.

*

A bayan ma'ajiyar Mai Sawu ya nuna min sawun takalmi mai tsinin baki, mai santsin tafi. Duk barikin mutum ɗaya ke sa irinsa, wakilin kamfanin da ya kawo madubin. Mai Turare muke kiransa, don ƙamshinsa yana riga shi shiga ɗaki.

"Shi ne!" na ce. "Wallahi tun ranar da na gan shi hankalina bai kwanta ba."

Muka same shi a cikin motarsa, waya biyu a hannu, yana amsa ɗaya yana kashe ɗaya.

"Na je bayan ginin, ban musa ba. Nan ne kaɗai waya ke kamawa a barikin nan naku. Saje, ka yi tunani mana, kayana ne fa. Yau za a ce an amince da shi. Wane mahaukaci ne zai sace akuyarsa ranar kasuwa?"

"Madubin yana da kyau?" in ji Mai Sawu.

"Ka tambayi maharbinku. Ƙura ba ta shigarsa, faɗuwa ba ta karya shi, ruwa ba ya shigarsa."

"Kun sa shi a ruwan?"

"Ba sai an sa ba. Masu ƙera shi sun riga sun gwada."

Da muka bar wurin Mai Sawu ya ce sawun ya tsaya wuri guda yana juyi, ga guntayen sigari, bai matsa kusa da taga ba. Raina ya ɓaci, don na so ƙwarai a ce shi ne.

*

Filin harbi yana can ƙarshen bariki, da rumfa a gefe, da tudun ƙasa a baya mai tare harsashi. Samanja malamin harbi yana can yana sa kurata tsintar ciyawa. Tsoho ne tsayayye kamar turken waya, wuyan rigarsa kullum a tsaye, ga wani tsumma fari da ke leƙowa daga aljihun bayansa. Babu sojan barikin nan da bai bi ta hannunsa ba, har Mai Sawu. Saura kaɗan ya ajiye aiki, kuma ɗansa na fari yana cikin bataliyar da za a tura.

Mai Sawu ya ƙame ya gaishe shi. "Malam, barka da aiki. Yaya ka ga kayan nan?"

"Maratayi na da kyau, sai dai ƙugiyarsa tana ƙara, a naɗe ta da ƙyalle. Ƙafar tana da nauyi, amma wanda ya ɗauke ta zai gode mata."

"Madubin fa?"

"Na faɗa wa Kyaftin abin da zan faɗa tun farko." Ya dube ni, ya kawar da kai. "'Yata, ki yi haƙuri. Allah zai fitar da shi."

"Amin, Baba," na ce, har na ji sanyi a raina.

Maharbin kwamitin yana zaune a rumfa. Matashi ne mai ji da kansa, ga wani yanka sabo a girarsa ta dama. Ina ganin yankan na daka masa tsawa.

"Wa ya fasa maka ido? Garin tsallake taga ko?"

"Haba Yaya Tela! Madubin ne ya doke ni ranar da na kai ido kusa. Kowa ya gani, har dariya aka yi min."

Mai Sawu ya zauna kusa da shi yana sosa gwiwa. "Jiya da aka tashi, ina aka ajiye jakunkunan?"

"Nan rumfar. Mai Turare ya kawo abinci da lemo a mes, ɗakin cin abincin sojoji, kowa ya tafi. Ni aka bari gadi."

"Ka yi gadin?"

"Na yi."

"Ikon Allah. To sawun wa na gani ya nufi bayan gidan nas-nas yana sauri, ya dawo yana jan ƙafa?"

Maharbi ya sunkuyar da kai. Ashe wajen budurwarsa ya tafi, ya bar bindigogin gwamnati da Allah. Ya ce bai daɗe ba. Na ce masa duk wanda ya je wajen budurwa haka yake cewa. Ya dawo ya tarar da jakunkuna uku a zuge yadda ya bar su, ya ɗauka ya kai wa Auta.

Wannan ya ɗan sassauta min zuciya, tunda ke nan tun kafin kayan su isa ma'ajiya aka yi ɓarnar. Amma Mai Sawu ya ce Kanar ba zai saki mutum don "wataƙila" ba.

*

Rana ta take. Mai Sawu ya shiga zagaya rumfar a sunkuye, ni kuma ina biye ina tsaki.

"Baba Saje, kowa a nan but iri ɗaya yake sawa. Me za ka gani?"

"Takalmi ɗaya ne, tafiya ce kowa da tasa."

Can ya ɗauki wani sawu da ya fita ta gefen tudun, ya ratsa ciyawa ya gangara rafin da ke bayan fili. Na bi shi ƙaya na kama min zane. Ya nuna min cewa mai tafiyar ba ya gudu, ba ya waige, takunsa a aune, kuma da ya zo kwana bai yanke ba, sai da ya kai ƙarshe ya juya kamar a fareti.

"Ɓarawo ba ya tafiya haka," ya ce.

A bakin ruwa akwai wurin da mutum ya durƙusa ya tsoma wani abu mai tsawo, har gindin bindigar ya bar shaida a laka. Gaba kaɗan ga ramuka biyu na ƙafar bindiga, ga wurin gwiwar hannu, ga shatin ciki, mutum ya kwanta ya auna tsallaken rafi. Wajen tashi sai da ya dafa ƙasa da tafin hannu ya ja gwiwar hagu.

"Ba yaro ba ne," in ji Mai Sawu. Muryarsa ta yi ƙasa.

Ƙarƙashin wata bishiya kuma yashi ya kwanta sumul, mai kusurwa huɗu, kamar an shimfiɗa ƙaramin ƙyalle an zauna a gabansa. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Abinci ya ci?" na tambaya.

Sai kawai ya miƙe ya kama hanya da wani irin sauri da ban taɓa sanin yana da shi ba, har sai da na haɗa da gudu.

*

A ma'ajiya ya ɗauki bindigar farko ya shafa da yatsa, yatsan ya fito ja da ƙura. Ta biyu ma haka. Ya ɗauki wadda aka cire wa madubi ya shafa, ya buɗe cikinta ya ɗaga wa haske. Tas take, tana sheƙi.

"Ka ga tsufa," ya ce da kansa. "Da safe na dube ta ban ga komai ba."

Kyaftin ya ƙwalalo ido. "An goge ta!"

"Duk mun gan ta, Yallaɓai. Idon soja ne, in ya ga bindiga mai tsabta sai ya wuce, mai datti ce ke tsayar da shi." Ya ajiye ta a hankali. "A tara min kowa a ɗakin kwamiti. A kawo waɗannan biyun masu ƙura."

Na ja hannun rigarsa a waje. "Ka san shi ko? Faɗa min!"

"Na fi son a ce ban sani ba, Tela."

*

Ɗakin ya yi zafi, fanka na juyawa a banza. Kanar yana kan tebur daga sama, Kyaftin a damansa, sai Mai Turare, sai maharbi. An kawo Auta tsakanin sojoji biyu. Samanja ya zauna daga ƙarshe, bayansa bai taɓa kujera ba. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, don zama ya gagare ni.

Mai Sawu ya ajiye bindiga mai ƙura ɗaya a tsakiyar tebur, ɗayar kuma kamar da wasa ya tura ta can ƙarshe. Sannan ya fara magana. Wayyo, wace irin magana! Ya faro daga takalmin Mai Turare, ya bi ta sigarinsa, ya koma girar maharbi, ya tsaya a gidan nas-nas har maharbi ya so ƙasa ta tsage. Ya kwatanta ciyawar hanyar rafi ɗaya bayan ɗaya. Kanar ya fara buga biro a tebur. Ni kuwa na ciji leɓe har na ji gishiri, ina cewa a raina mutumin nan zai kashe ni kafin kotu ta kashe Auta.

Sai na lura ba mu yake kallo ba. Na bi idonsa.

Samanja yana kallon bango, hankalinsa ya yi nisa. Amma hannunsa ya riga ya zaro farin tsumman nan, yana bin bakin bindigar da ke gabansa, daga sama zuwa ƙasa, a hankali, yadda uwa ke share wa ɗanta hanci.

Mai Sawu ya katse maganarsa. Kowa ya juya.

"Malam," ya ce, "ba a goge na gwaji."

Samanja ya dubi hannunsa, ya dubi tsumman da ya yi ja. Sannan ya ninke shi huɗu ya ajiye.

"Hali zanen dutse," ya ce. "Na so in wanke lakar kawai. Da na fara sai na kasa mayar da ita jaka a haka. Tun ina kurtu ban taɓa ajiye bindiga da datti ba."

Ya miƙe ya ƙame a gaban Kanar. Ya ce tun ranar farko ya roƙi a tsoma madubin a ruwa, aka ce ba ya cikin tsari, masu ƙerawa sun gwada. Yaran nan kuwa kogi za su riƙa ratsawa har ƙirji. Jiya da ya ga rumfa babu kowa, sai ya ɗauki ɗaya ya gangara. Ya zura hannu cikin rigarsa ya fito da madubin a naɗe da safa.

"Yallaɓai, ka duba ta taga."

Kanar ya kafa ido, ya juya shi, ya goge gilashin da hannun riga, ya sake kafawa. Ya miƙa wa Kyaftin. Da ya zagayo kaina ni ma na leƙa. Babu bishiya, babu gini, sai fari fat kamar an hura numfashi a madubin ɗaki, da 'yan ɗigon ruwa daga ciki inda hannu ba ya kaiwa.

Mai Turare ya fara cewa wannan ɗaya ne kawai aka yi rashin sa'a. Kanar ya ce a kawo bokiti biyu cike da ruwa.

"Me ya sa ba ka kawo shi tun jiya ba?" Kanar ya tambayi Samanja.

"Na cire shi na binne a buhun shinkafa, ko zai bushe in mayar kafin a buɗe. Bai bushe ba. Da safe na taho in faɗa, na tarar an kama yaro. Na ce bari in jira kaɗan. Kaɗan ɗin ya yi ta tsawo."

A nan haƙurina ya ƙare. Na manta da Kanar, na manta da kowa.

"Baba, ka dubi idona ka ce Allah zai fitar da shi? Madubin yana cikin rigarka ka ce min haka? Ɗanka ɗa ne, nawa kuma ɗan akuya?"

Mai Sawu ne ya kama kafaɗata ya fitar da ni, shi ma idonsa ya cika.

*

Kafin magariba Auta ya dawo gida da bel da hularsa, matan famfo suka zo barka kamar ba su ba. Madubai biyun da aka tsoma a bokiti, ɗaya ya jure, ɗaya ya yi hazo, aka mayar wa Mai Turare kayansa. An amince da maratayi da ƙafar. Bataliya ta tafi ba madubi, da idon da Allah ya ba su.

Samanja bai je kurkuku ba, amma an rage masa muƙami. Ɗaukar bindiga ba izini laifi ne ko da gaskiyarka ta kai tudun filin harbi. Ranar da hukuncin ya fito ya shigo shagona da rigunansa a hannu, a goge, a ninke. Duk bariki ni kaɗai ce tela.

"'Yata, za a cire alamar."

Ban gaishe shi ba. Na ɗauki reza. Ni na ɗinka masa alamar nan da hannuna, na ninka zare don ya ce ba ya son abin da zai tsinke, yanzu ga shi tana ba ni wahalar warwarewa. Da ta fita, wurin ya bar shati mai duhu, don rana ba ta taɓa cin wannan yadin ba.

"Ɗana ya bugo waya," ya ce. "Sun ratsa kogin farko. Ya ce a gaishe da Kofur."

Na ci gaba da tsintar zare. Har yanzu ina jin haushinsa, kuma na san da ɗana ne a bataliyar nan da ni ma na gangara rafin. Abin da ban sani ba shi ne ko da zan iya yin shiru wani yana gadurum. Ina fatan ba zan iya ba.

Da na ɗago, yana zaune a kan benci, farin tsumman a hannunsa, yana goge kan keken ɗinkina, yana bin lungun da ni kaina ban taɓa kaiwa ba. Na buɗe baki zan ce ya bari, sai na fasa.

"Baba," na ce, "man keken yana cikin gwangwanin can."